Faifan walimar sauka: kwamfuta ta ce sai awa 9, ina matsalar take?

Malamin Asawase:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masu sanin harkar bidiyo. Mun yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibanmu a nan Asawase, cikin Kumasi ta Ghana, aka ɗauki taron da wayoyi uku. Na tattara komai na jera shi, ya kama awa 2 da rabi. Iyaye da yawa faifan DVD suke so, musamman masu aika wa kakanni a Salaga da Yendi da Bawku. Bayan la'asar na sa faifai a laftof na danna a buga, har aka yi isha'i faifan bai ko motsa ba, manhajar kuma ta nuna aikin zai ci kusan awa 9. Cikin dare wuta ta ɗauke, batir ya mutu, aikin ya tafi a banza. Shin faifan ne ba shi da kyau ko injin bugawar? In kuwa kowane faifai sai ya ci awa 9, yaushe zan gama na iyaye sama da 30?

Ɗan Kejetia:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ina zargin faifan. Akwai marasa kyau da yawa a kasuwa yanzu, ka canza iri ka gani.

Mai Ɗaukar Biki:
A'a ƙanena, kada ka sa Malam ya kashe kuɗi a inda babu ciwo. Ya ce faifan bai ko motsa ba, to ta yaya za a ga laifinsa?

Malam, aiki biyu ne manhajar take yi maka, tana nuna maka su kamar ɗaya. Na farko shi ne juya bidiyon. Waya tana ajiye bidiyo da tsarin H.264 ko HEVC, shi kuwa dek na DVD tsarin MPEG-2 kawai ya sani a faifan bidiyo. Dole kwamfuta ta warware kowane hoto, ta rage girmansa, ta sake ɗaure shi da tsarin da dek zai gane. Wannan shi ne ya cinye maka awa 9. Na biyu shi ne bugawa a faifai, kuma wannan gajeren aiki ne: cikakken faifai a gudun 8x kimanin minti 10, a 4x kimanin minti 15.

Ka dubi mai wake da shinkafa ta bakin titi. Dahuwar ce take tashe ta tun kafin asuba, zubawa a ganye kuwa nan da nan ne, kuma ba ta ɗora sabuwar tukunya don kowane mai saye. Kai ma sau ɗaya za ka juya. Kada ka ce wa manhajar ta buga kai tsaye. Ka ce ta ajiye maka aikin a matsayin fayil ɗin ISO a cikin kwamfuta, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda. Daga wannan fayil za ka buga faifai 30 ko 100, kowane minti 10 zuwa 15.

Malamin Asawase:
Allahu Akbar. Wannan kaɗai ya sauke min nauyi, Allah ya saka da alheri. To amma ko sau ɗaya ne, awa 9 ba tare da wuta ta ƙifta ba abu ne mai wuya a unguwarmu kwanan nan. Babu hanyar rage shi?

'Yar Nima:
Malam ina wuni. Kafin a ba ka shawara, ka duba mana abu uku. Yayin da take aiki, hotuna nawa take nuna tana juyawa a daƙiƙa? Wayoyin nan uku da wane girma aka ɗauka? Sannan a saitin manhajar ko akwai inda aka rubuta 2-pass kuma an kunna shi?

Malamin Asawase:
Lafiya lau 'yata. Na sake kunnawa na duba. Tana nuna 13 zuwa 15 a daƙiƙa. Wayoyi biyu 1080 ne, ta ukun iPhone ce ta wani uba, 4K. Abin da kika ambata kuma a kunne yake.

'Yar Nima:
To lissafin ya fito daidai, babu abin da ya lalace a laftof ɗin. Faifan PAL, wato tsarin talabijin na nan Ghana, yana tafiya da hotuna 25 a daƙiƙa. Awa 2 da rabi daƙiƙa 9,000 ne, wato hotuna 225,000. In tana juya 14 a daƙiƙa, kusan awa 4 da rabi ke nan. Saitin nan da yake a kunne yana sa ta bi bidiyon sau biyu: zagayen farko tana nazarin inda motsi ya yi yawa da inda ya yi kaɗan, na biyu tana rubutawa. Ga awa 9 ɗinka.

Dalilin da ya sa gudun ya yi ƙasa haka shi ne girman abin da take warwarewa. Hoton DVD na PAL ɗigo 720 ne a 576. Hoton 1080 ya ninka shi sau 5 cif, na 4K kuwa sau 20. Duk wannan sai ta buɗe shi tukuna ta zubar da mafi yawansa. Kuma iPhone tun 2017 da HEVC take ɗauka in ba a canza mata ba, wanda ya fi H.264 nauyin warwarewa. Laftof masu furosesar Intel daga ƙarni na 6 zuwa sama suna da wani sashe na musamman da ke warware shi, tsofaffi kuwa da ƙarfin tsiya suke yi. Ka lura, na tabbata duk lokacin da ta iso ɓangaren 4K lambar nan faɗuwa take yi.

Shawarata ka kashe zagaye na biyun, aikin ya dawo rabi.

Mai Ɗaukar Biki:
Lissafinki babu gyara ƙanwata, amma shawarar ban yarda da ita haka kai tsaye ba. Faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka. In ka raba shi a kan awa 2 da rabi, abin da kowace daƙiƙa za ta samu bai wuce megabit 4 da ɗan kai ba, har da sauti. Hoton kansa zai tsaya ƙasa da 4. DVD yana iya kaiwa 9.8, to ka ga ko rabi bai samu ba. A irin wannan matsi ne zagaye biyu yake da amfani, domin yana ɗebe daga inda mutum ke zaune yana magana ya ƙara wa inda ake motsi. Bidiyon waya kuma duk girgiza ne, ga taron jama'a, ga fararen kaya suna ƙyalli a rana. In aka kashe shi a haka, fuskokin yara za su farfashe su zama 'yan murabba'ai duk lokacin da mai ɗauka ya juya hannu. Na sha ganin faifan biki da aka cusa wa awa 3, amarya ma ba a gane ta daga nesa.

Ni abin da nake yi, ina rage tsawon. Minti 90 a faifai ɗaya zai samu sama da megabit 6, a nan zagaye ɗaya ya wadatar. Malam ya yanke awa ɗaya.

Hajiya Uwar Ɗalibi:
Salamu alaikum. Ni ban san megabit ba, amma na ji an ce a yanke. Don Allah Malam, in za a yanke kada a taɓa karatun yaro ko ɗaya. Ɗana yana cikin na ƙarshe da suka yi karatu. Mahaifiyata tana Salaga, ƙafa ta hana ta zuwa, kuma ita ce ta fara kai shi makarantar allo da hannunta. Ba jawabin baƙi take jira ba, muryar jikanta take jira. Kowace uwa a cikinmu haka take.

Malamin Asawase:
Hajiya ki kwantar da hankalinki, karatun yaro ko aya ɗaya ba zan cire ba. Amma jawabin manyan baƙi ma ba zan iya jefarwa ba. Akwai malamanmu da suka taso daga nesa suka yi nasiha da addu'a, in suka ga faifai babu su ba zai yi daɗi ba, kuma makaranta tana bukatar ajiye shi.

Ɗan Kejetia:
To a sayi mai shimfiɗa biyu mana, gigabait 8.5, komai ya shiga.

Baba Mai Gyaran Talabijin:
Ɗana, wannan faifan ya fi tsada, kuma tsofaffin dek da yawa suna tsayawa a tsakiyarsa, daidai inda idon dek, mai karanta faifan, ke sauya shimfiɗa. Irin dek da ke ɗakin tsofaffi a arewa na san su, su ake kawo min gyara a Alabar. Idonsu ya gaji, ƙurar hunturu ta shiga. Faifan kamfani suna karantawa da ƙyar, balle wanda aka buga a gida mai hawa biyu.

Malam, ka raba shi gida biyu. Faifai na ɗaya karatun yara zalla, na biyu jawabai da addu'a da walima. Kowane zai kama awa ɗaya da kwata ko kusa da haka. Iyaye na ɗaya za su karɓa, wanda ke son na biyu ya faɗa. Ba ka yanke kowa ba.

Ka sayi DVD-R mai alamar ragewa, ya riga DVD+R mai alamar tarawa fitowa, tsofaffin injuna sun fi saba wa da shi. Kada ka buga da gudun 16x don kana sauri, ka tsaya a 4x ko 8x. Kuma kada ka manna takarda a bayansa, tana sa shi rawa a cikin inji, in zafi ya ɗaga ta kuma ta maƙale. Alƙalamin maka mai laushi ya isa.

Mai Ɗaukar Biki:
Baba ya gama magana. Minti 75 a faifai ɗaya zai ɗauki hoto a megabit 7 zuwa 7 da rabi hankali kwance, zagaye ɗaya. A nan na yarda da 'Yar Nima, a kashe zagaye na biyun.

'Yar Nima:
Kuma ga lissafinsa: minti 75 hotuna 112,500 ne, a 14 a daƙiƙa awa 2 da kwata. Daga awa 9 a zama ɗaya an dawo zama biyu gajeru, kowane in ya ƙare ya zama ISO, wuta ba ta da abin da za ta yi masa kuma.

Sauran ƙananan abubuwa masu ƙara gudu: caja ta kasance a jone, domin a kan batir Windows rage wa furosesa ƙarfi take yi. A hana kwamfutar yin barci. A ɗora ta a tebur, a ɗan ɗaga bayanta iska ta shiga, kada a ajiye ta a katifa ko darduma, domin in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A kwafe bidiyon daga filashi zuwa cikin kwamfutar kafin a fara. A rufe burauza.

Ɗan Kejetia:
Ni fa har yanzu ban ga dalilin wannan wahala ba. Wa ke kallon faifai yanzu? Mu da muke sayarwa mun san kasuwarsa ta mutu. Sababbin laftof ma ba su da wurin sa shi. A zuba wa kowa a filashi ko a tura ta WhatsApp, minti biyar an gama, hoton ma ya fi kyau.

Hajiya Uwar Ɗalibi:
Ɗana, wayar mahaifiyata mai maɓalli ce. Dek ɗinta kuwa ta san inda za ta danna, ta sa faifai da kanta, maƙwabta su shigo su zauna a tabarma a kalla tare. Filashi in na aika, kafin sati wani yaro ya ɗauka ya goge ya zuba waƙoƙi. Faifai ba a goge shi.

Baba Mai Gyaran Talabijin:
Kuma ko dek mai ramin filashi ne, yawancin tsofaffin ba sa buɗe bidiyon waya. AVI na DivX suka sani. Ko ta nan aka bi sai an juya, an dawo gidan jiya.

'Yar Nima:
Ni ina tsakiya a wannan. Ɗan Kejetia yana da gaskiya a abu ɗaya: faifai ba wurin ajiyar asali ba ne. Abin da ya hau DVD ya rasa kashi 4 cikin 5 na ɗigon hoton 1080, ba ya dawowa. Faifan da aka buga a gida kuma wani rini ne a cikinsa ke riƙe bayanan, rana da zafi suna cin sa a hankali. Malam ya ajiye ainihin fayilolin wayoyin a wuri biyu, tare da ISO ɗin, don in yaran nan sun girma su samu mai kyau. Amma WhatsApp matse bidiyo yake yi in an tura shi a matsayin bidiyo, sai dai a tura shi a matsayin takarda, wato Document. Malam, ina fatan ba ta nan aka turo maka na wayoyin ba?

Malamin Asawase:
Da kebul na kwafa duka ukun.

Ɗan Bronx:
Salam daga New York. Malam ƙanwata tana cikin masu saukar, kuma akwai iyalai a nan da za su so faifan. Ku tuna dek na Amurka wani tsari ne daban mai suna NTSC, da yawansu ba sa karɓar faifan PAL. An taɓa kawo mana faifan suna daga Kumasi, sai a kwamfuta muka iya kallo.

Mai Ɗaukar Biki:
Wannan magana ta tuna min wani abu mai muhimmanci. Wayoyi da hotuna 30 a daƙiƙa suke ɗauka in ba a canza ba. In aka mayar da shi PAL mai 25, manhaja tana jefar da hoto ɗaya cikin kowane 6, shi ya sa za ka ga motsi yana ɗan tsalle idan kyamara ta zagaya. NTSC kuwa 29.97 ne, kusan daidai da na waya, motsi yana fita sumul. Dek ɗinmu na nan kuma kusan duka suna karanta NTSC. Ni yanzu aikin da aka ɗauka da waya NTSC nake yi, faifai ɗaya ya yi Kumasi ya yi Bronx.

Baba Mai Gyaran Talabijin:
Dek zai karanta, amma talabijin fa? Ghana PAL muke tun da aka fara mai launi. Sabuwa mai faɗi ba ta da matsala. Tsohuwa mai ƙoƙon baya kuwa, in ba mai karɓar kowane tsari ba ce, za ta nuna shi fari da baƙi, wani lokaci hoton yana birgima. Akwai saiti a dek da ke tilasta masa fitar da PAL, amma wa zai shiga saiti ya canza wa tsohuwa a Salaga? Faifan nan saboda ita ake yin sa tun farko. Na Bronx suna da intanet mai ƙarfi, a tura musu asalin.

Mai Ɗaukar Biki:
Baba ban musa ba, amma irin wannan talabijin ta yi ƙaranci, ko masu ƙoƙon bayan da suka shigo daga baya yawanci suna karɓar duka biyun. A hana mutum 30 motsi mai kyau saboda gida ɗaya ko biyu?

'Yar Nima:
Yaya, a taron sauka yaro a zaune yake da allonsa, motsi kaɗan ne, tsallen da kake magana da wuya a lura da shi. PAL kuma ya fi layuka, 576 a kan 480, fuska ta fi fitowa. Sannan NTSC zai ƙara wa Malam yawan hotunan da za a rubuta. Da ƙwallo ne ko rawar biki da na bi bayanka. A wannan ina tare da Baba.

Ɗan Bronx:
Na yarda, a yi wa na gida. Mu a turo mana fayil, za mu kalla a talabijin kai tsaye.

Mai Ɗaukar Biki:
To shi ke nan, an rinjaye ni a wannan aikin, amma a biki ina nan kan bakana.

Malam, saura abin da ya fi hoto muhimmanci a taronka, wato sauti. Ka zaɓi AC-3 a kilobit 192 ko 224, yana fita tsaf kuma ba ya cin wuri. PCM yana cinye kusan megabait 700 a kowace awa, asarar fili ne. Sannan waya ba ta riƙe gudun hotuna daidai, in haske ya ragu takan sauke shi. Wasu manhajoji wannan yana rikita su, sai ka ga a farkon faifai baki da murya suna tare, a ƙarshe murya ta riga baki. A karatun Alƙur'ani wannan babban aibi ne, domin mai kallo bakin yaron yake bi. Kafin ka saki dogon aiki, ka yanko minti 5 daga ƙarshen fayil mafi tsawo ka juya shi kaɗai ka gani. In akwai saɓani, ka bi da fayil ɗin ta HandBrake, kyauta ce, ka sa ta daidaita gudun hotunan ta kuma rage girman. Ita ba ta haɗa faifan DVD, gyaran fayil kawai za ta yi, haɗawar sai irin su DVDStyler. Ƙarin lokaci ne, amma gara shi da faifai 30 masu karkataccen sauti.

Ka kuma sa babi a farkon karatun kowane yaro. Ba ya ƙara lokacin juyawa, amma kaka za ta danna gaba ta isa wurin jikanta.

Hajiya Uwar Ɗalibi:
Wannan na babin Allah ya yi maka albarka. Malam a rubuta mana lambar kowane yaro a jikin ambulan.

Malamin Asawase:
Jama'a ga yadda ta kasance. Na yi gwajin minti 5, na wayoyi biyun lafiya, na 4K ɗin ne murya ta ɗan riga baki, sai na gyara shi kaɗai kamar yadda aka ce. Da na haɗa faifan karatu, gudun ya haura 20 a daƙiƙa tunda nauyin 4K ya fita. Na fara bayan asuba, kafin ɗalibai su taru ya zama ISO. Na buga ɗaya a 4x na sa a dek na gida, ya tashi, babi suna aiki. Abu ɗaya ya ɗaure min kai: kwamfuta tana nuna faifan 4.37 ne, alhali a jikinsa an rubuta 4.7. An cuce ni ne a kasuwa?

'Yar Nima:
Ba a cuce ka ba Malam. Masu faifai da dubu suke ƙirga, Windows da 1,024, adadin ɗaya ne. Ka dai tabbata ISO ɗinka bai wuce 4.3 ba a yadda Windows ke nunawa. In da ImgBurn kake bugawa ka bar saitin tantancewa a kunne, zai sake karanta faifan bayan ya gama, ƙarin mintuna kaɗan ne.

Baba Mai Gyaran Talabijin:
Kada ka buga sauran tukuna. Dek na gidanka sabo ne, ba shi ne ma'auni ba. Ka aiko yaro da wannan ɗayan shagona gobe bayan azahar, ina da tsofaffi a nan irin na arewa da talabijin mai ƙoƙon baya. In ya wuce a kansu har babin ƙarshe, sai ka sayi sauran faifan daga wannan kwalin.

Malamin Asawase:
Da kaina zan kawo shi Baba, in sha Allah.